Adakar Iya da Ganyen da ke Cikin Kwal

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin Iya, kakarmu ta wajen uba, sai aka ce a fito da kayanta a ƙidaya kafin malamai su zauna rabon gado. A Kwanyawa ne, tsakiyar hunturu, an shimfiɗa tabarmi biyu a tsakar gida. Ni aka miƙa wa biro da littafi, kasancewar ni ne ɗan bokon gidan. Gwaggo ta ce ai dama aikina ne: "Matarka ce ta tafi ta bar ka, sai ka zauna ka rubuta abin da ta tara maka." Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi ido na cike da ƙwalla.

Kwanuka da tasoshi ba su ɗau lokaci ba. Adakar ce ta cinye mana yini. Tsohuwa ce ta ƙarfe, shuɗin fentinta duk ya gwagguje, makullin kuma ya ɓata, sai da aka ɓalle kwaɗon da guduma. Ana ɗaga murfi ƙamshin kafur da turaren wuta ya bugo mu. Zannuwa ne a ninke, ɗaya kan ɗaya, har baki. Na sama-sama duk mun san su: lesuka da atamfofin da jikoki ke kawo mata da Sallah, wasu ko takardar kamfani ba a ɓare ba. Da aka ɗan nutsa sai ga 'yan Kaduna, na zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana. Ƙasa da su akwai wani mai tambarin FESTAC na 1977, sai kamfala, can ƙasa kuma alawayyo da wani bunu da ya rine duk abin da ya taɓa.

Abin da ya tsaya mini a rai ba yawan kayan ba ne. Gwaggo da Inna, matar Baffa, suna ɗaga zane suna faɗin shekararsa, har wanda ba su taɓa gani a jikin Iya ba. Inna ta warware wani mai zanen tsintsiya ta ce, "Wannan ban san tana da shi ba, amma na san yayinsa. Shekarar canjin kuɗin Buhari ne. Daga nan har Funtuwa ba macen da ba ta ɗaura shi ba. Bayan damina biyu kuwa, ko kyauta aka ba ki sai kin yi tunani." Sai na rubuta 1984 a gefen layin. Babu rasit, babu mai kayan da za a tambaya, amma an samu shekara.

A kan teburina akwai wani gutsuren dutse mai launin toka-toka da baƙi, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, yana ɓarewa falle-falle. Wani abokina ne ya tsinto mini shi a bakin wata tsohuwar mahaƙar kwal a Inugu. A fuska ɗaya akwai sawun ganye, baƙi wuluk, jijiyoyinsa a fili kamar jiya aka danna shi a laka. Na shekara da shekaru ina neman yadda zan bayyana wa mutanen gida yadda ake sanin shekarun irin wannan dutse, ban samu ba sai ranar nan a kan tabarma, ina kallon mata biyu da ba su taɓa shiga aji ba suna yin aikin da masana duwatsu ke yi.

Da farko dai, me ya kai ganye cikin dutse? Kowa a nan ya san ganyen da ya faɗi a gona ba ya kai baɗi. Wanda akuya ta bari, gara ta cinye. Wanda gara ta bari, wutar sassabe ta gama da shi. Amma wanda ya taɓa haƙar ƙasar gini a gindin kududdufi da rani ya ga wani abu dabam. Idan an yanko taɓon ƙasa-ƙasa, mai wari, akan tarar da ganyen mangwaro kwance a ciki, ya yi baƙi amma bai ruɓe ba, ko tsinkensa bai karye ba. Ruwa ya rufe shi, laka ta danne shi, iska ba ta kai gare shi ba, don haka abin da ke ruɓar da shi ya rasa ƙarfi. To, a ɗauki fadamar da ta fi ƙasar Ƙaraye da Rogo faɗi, ruwa kwance a cikinta rani da damina, itatuwa na faɗuwa suna taruwa, ƙasan kuma na nutsewa sannu a hankali. A irin wannan wuri tarin baƙin dattin tsiro yakan ƙaru da kusan milimita ɗaya a shekara. Daga baya kogi ko teku ya zubo yashi da laka a kai, nauyi ya matse ruwan, zafin ƙarƙashin ƙasa ya dafa shi. Abin da ya kai mita da yawa ya koma mita ɗaya. Shi ne kwal. Mai gawayi yana yin kusan haka da ramin ƙasa da wuta cikin kwana biyu zuwa uku. Wannan kuwa ba wuta, sai nauyi da ɗumi da tsawon zamani.

A cikin kwal ɗin kansa ganye ya dame, da wuya a gane siffarsa da ido. Kyawawan sawun suna cikin lakar da ta rufe shi, wadda ke zama rufin ramin da mahaƙa ke aiki a ƙarƙashinsa. Shi ya sa leburorin haƙar kwal suka riga malaman jami'a ganin waɗannan abubuwa. Suna ɗaga kai da fitila sai su ga ganyaye shimfiɗe a saman kansu.

Ƙa'idar farko ko yaro ya san ta: abin da aka fara sawa a adaka shi ne a ƙasa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Nicolas Steno, ya rubuta ta game da duwatsu a 1669, kuma har yau sunansa ake kira, alhali kowace mai jera zannuwa ta riga shi sani. Sai dai wannan ƙa'ida iyakarta adaka ɗaya. Za ta gaya maka bunun Iya ya girmi leshinta. Ba za ta gaya maka ko bunun Iya ya girmi wani zane da ke adakar wata tsohuwa a Rogo ba. Kafin a haɗa adaka biyu sai an san yayi.

Wanda ya fara gane haka a duwatsu ɗan maƙeri ne, bai yi jami'a ba. William Smith sunansa, ma'aunin filaye a Ingila, wanda ya yi aiki a ramukan kwal na Somerset da wajen haƙar hanyar ruwa a shekarun 1790. Yana shiga rami yana fita, sai ya lura kowane shimfiɗin dutse yana da irin burbushin halittun da ke cikinsa, kuma jerin ba ya sauyawa daga wannan gari zuwa wancan. Da wannan ya zana taswirar duwatsun Ingila a 1815. Shi ya fi dogara da ƙwanson halittun ruwa. A ɓangaren tsirrai, Bafaranshe Adolphe Brongniart ne ya fara fitar da babban littafinsa a 1828, ya nuna cewa tsirran duniya ma zubi-zubi suka zo, kowane zamani da nasa.

Ba kowane zane ne ke faɗin shekara ba. Da aka zo kan alawayyo Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce in rubuta "fari, ƙwarya biyu" mu wuce. Farin yadi tun kakanni ake sayensa, gobe ma za a saya, don haka ba ya nuna komai. Wanda ke da amfani shi ne irin mai tsintsiyar nan: ya bazu ko'ina, kowa ya gane shi da kallo ɗaya, kuma bai daɗe ba. Abin da mai karatun dutse ke nema ke nan, tsiron da ya cika duniya na ɗan zamani sannan ya ɓace. "Ɗan zamani" a bakinsu kuwa yana iya zama shekara miliyan biyu ko biyar.

Kwal ɗin da ya fi kusa da mu iri biyu ne, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, kuma in aka zube su a faranti ɗaya ba mai bambanta su da ido. Na arewa yana Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, a gefen duwatsun Abzin. Kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, shi ke haƙarsa, yana ƙona shi a tashar lantarkin da ta fara aiki a 1981, wadda ke ba Agadas da mahaƙan yuraniyom na Arlit wuta. Wannan kwal na zamanin da ake kira Kaboniferos ne, wato "mai ɗauke da kwal", sunan da Turawan Ingila suka raɗa a 1822. Zamanin ya fara wajen shekara miliyan 359 da suka wuce, ya ƙare wajen miliyan 299, na Anu Araren kuma a farko-farkonsa yake, ya haura miliyan 330.

Da mutumin Kwanyawa zai faɗa dajin wancan zamani, ba abin da zai iya kira da suna. Babu tsamiya, babu ɗorawa, babu kuka. Babu ciyawa ko ƙwaya ɗaya, balle dawa ko gero. Fure ma babu shi a duniya. A fadamun Turai da Amurka na lokacin manyan itatuwan su ne Lepidodendron da Sigillaria, dogaye miƙaƙƙu, wasu sun haura mita 30, amma cikinsu taushi ne, ƙarfinsu a ɓawo yake. Akwai Calamites mai gaɓa-gaɓa kamar gora. Akwai kuma dangin tsiron nan mai ganye kamar gashin tsuntsu da ke fitowa a jikin rijiya mai damshi, sai dai su a lokacin itatuwa ne. Ɓawon Lepidodendron kuwa atamfa ce sak: zanen lu'u-lu'u a jere, layi bayan layi, kowane ɗaya gurbin ganyen da ya faɗi. Wasu daga cikin waɗanda suka tono shi a dā sun ɗauka fatar wani ƙaton maciji ce. Wajen shekara miliyan 305 da suka wuce yanayi ya bushe, yayin waɗannan dogayen itatuwa ya ja baya ƙwarai a Turai da Amurka, masu ganyen gashin tsuntsu suka karɓe fadamun. Mai karatun dutse yana ganin wannan sauyi a rufin rami kamar yadda Inna ke ganin inda 'yan Kaduna suka ƙare 'yan Caina suka fara.

Na kudu shi ne na Inugu, wanda aka gano a Udi a 1909, aka fara haƙa a 1915, jirgin ƙasa ya fara kai shi Fatakwal a 1916. Shi ne jiragen ƙasa masu hayaƙi suka ƙona suna jan gyaɗar Kano zuwa teku, har da wadda kakanninmu suka noma a nan. A kansa ne kuma 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Turawan farko sun kira shimfiɗun da sunan da suke kiran nasu na gida, amma abin da ke ciki ya nuna ba sa'o'in juna ba ne. Na Inugu, wanda yanzu ake kira shimfiɗin Mamu, na ƙarshen zamanin Kiritashiyas ne, wajen shekara miliyan 70, lokacin da manyan dabbobin nan dainaso ke gab da ƙarewa. Na Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, wanda ake kai wa kamfanin siminti na Ashaka, shi ma tsaransa ne. Tsakanin na Agadas da na Inugu akwai shekara wajen miliyan 260. Wato tazarar da ke tsakaninsu ta ninka wadda ke tsakanin na Inugu da mu fiye da sau uku.

A kwal ɗin Nijeriya ba ganye ne ya fi yin magana ba, bununi ne. Wanda ya taɓa ratsa gonar masara ko gero da safe ya fito da rawayar ƙura a kafaɗa ya san yawansa. Kowane tsiro da siffar nasa, fatarsa kuma tauri gare ta, ba ta ruɓewa da sauƙi. Ana narkar da ɗan gutsuren dutse da ruwan asid, a ɗiga abin da ya rage a kan gilashi, a duba da madubin ƙara girma, sai ga su ɗaruruwa. Ganye sai an yi sa'a, bununi kuwa ko a garin dutsen da injin haƙar rijiyar mai ya tofo ana samunsa, shi ya sa kamfanonin mai suka zuba kuɗi a wannan ilimi tun shekarun 1950 da 1960. A shimfiɗun Inugu bununin tsirrai masu fure ne ya cika, musamman dangin giginya da kwakwa. Wannan kaɗai ya isa hujja, don tsirrai masu fure ba su bayyana ba sai wajen shekara miliyan 130 da suka wuce. Wanda ya ce ya ga bununin kwakwa a kwal ɗin Kaboniferos, kamar ya ce ya ga katin waya a kayan auren Iya ne.

Da muka kai tsakiyar adaka sai aka shiga wani ɗan rikici. An riga an rubuta wani ɗankwali shi kaɗai, an rubuta wata riga ita kaɗai, sai can ga zanensu ya fito. Gwaggo ta haɗa su a cinya ta ce, "Kai ɗan nan, goge. Ba kaya uku ba ne, turmi ɗaya ne." Masana tsirran dutse sun sha irin wannan. Itace ba ya mutuwa a dunƙule: saiwa na nan, ɓawo na can, ganye iska ta kai shi wani wuri. Kowane aka tsinta sai a ba shi suna. An daɗe ana kiran wani abu mai ƙananan ramuka a jiki Stigmaria, ana ɗauka tsiro ne mai zaman kansa, sai a shekarun 1840 aka tarar da shi manne a gindin kututturen Sigillaria. Ashe saiwa ce. Sunayen dai an bar su har yau, kowane yanki da nasa, kamar yadda littafina ya ƙare da layi uku a soke da kibiya a gefe. Saiwar nan ta kuma warware wata gardama. Wani masani, William Logan, ya lura a kudancin Wales cewa kusan kowane shimfiɗin kwal yana zaune ne a kan yumɓu mai cike da ita. Wato ba ambaliya ce ta kwaso itatuwan daga wani wuri ta tara ba. A nan suka tsira, a nan suka faɗi.

Ni da nake rubutu na yi wani kuskure da ya sa aka yi mini dariya. Na ga wani zane ya koɗe har zanensa ya kusa ɓacewa, na ce lallai wannan ya fi kowanne tsufa. Inna ta ce, "Haba Malam. Wannan bai fi shekara biyar ba, na girki ne, kullum yana wanki. Ga wanda ya girme ka nan kamar yau aka yanko shi." Koɗewa wahala take nunawa, ba shekaru ba. Haka kwal. Mutane na ɗauka wanda ya fi baƙi da ƙyalli da ƙarfin wuta shi ne ya fi tsufa, alhali abin da yake nunawa shi ne zurfin da aka binne shi da zafin da ya sha. A kudu da birnin Mosko akwai kwal sa'an na Anu Araren, amma har yau ruwan ƙasa ne mai taushi, don bai taɓa nutsewa da nisa ba. Akwai kuma waɗanda ba su kai rabin shekarunsa ba amma sun dahu sun yi ƙarau.

Akwai tarkon da ya fi wannan. A saman adaka, tsakanin lesukan jikoki, muka tarar da wani saƙi mai nauyi. Gwaggo ta riƙe shi ta yi shiru, sannan ta ce na mahaifiyar Iya ne. Tana fito da shi lokaci-lokaci ta duba, shi ya sa ya dawo sama. Tsohon abu a sabon wuri. A duwatsu ma ruwa kan zaizaye tsohon shimfiɗi ya kwashi bununinsa ya zuba a sabuwar laka. Mai hankali ba ya yanke hukunci da zane ɗaya. Yana duba abin da ke kewaye da shi, kuma mafi ƙuruciya a cikinsu shi ke faɗin lokacin da aka jera.

Sannan yayin Kano ba shi ne yayin Ibadan ba, ko da a shekara ɗaya. Wannan ya taɓa haɗa manyan masana biyu faɗa na shekaru. A kwal ɗin Ostireliya akwai wani ganye mai siffar harshe, Glossopteris. Frederick McCoy ya dube shi ya ga bai yi kama da na Kaboniferos ɗin Turai ba, ya fi kama da na zamani na baya-baya, sai ya ce kwal ɗin yaro ne. William Clarke, limamin coci da ke yawo a wurin da ƙafarsa, ya ce a'a, shimfiɗun suna haɗe da wasu masu ƙwanson halittun teku na tsohon zamani. Clarke ne ya fi kusa da gaskiya: na zamanin Famiyan ne, wanda ya biyo bayan Kaboniferos kai tsaye. McCoy ya auna kayan wata kasuwa da yayin kasuwarsu ne. Daga baya aka ga ganyen nan a kwal ɗin Indiya, da Afirka ta Kudu, da Kudancin Amurka. Da aka gano gawar Kyaftin Scott da mutanensa a ƙanƙarar Antatika a 1912, an tarar suna jan duwatsu kilo 16, a ciki har da Glossopteris. Irinsa ya yi nauyin da iska ba za ta tsallaka teku da shi ba. In ka ga anko ɗaya a jikin mata biyar a garuruwa biyar, ka san akwai bikin da ya taɓa haɗa su. Wannan ganye na cikin hujjojin da Alfred Wegener ya kafa cewa nahiyoyin nan a dā dunƙule suke.

A wuri ɗaya dutse ya fi adaka amana. Yayin zane yakan dawo. Kamfani na iya sake buga zanen da aka manta, 'yan mata su ɗauka sabo ne. Tsiron da ya ƙare a duniya kuwa ya tafi ke nan, ba a taɓa ganin Lepidodendron ya sake fitowa ba. Abin da ya yi kama da dawowa shi ne labarin wata kwakwar bakin teku mai suna Nypa. Bununinta na nan a duwatsun kudancin Nijeriya tun ƙarshen Kiritashiyas, daga baya ta ɓace daga Afirka ta Yamma, ta ci gaba da rayuwa a kudu maso gabashin Asiya. A 1906 aka kawo ta Kalaba daga Singafo a matsayin baƙuwa. Yau ta mamaye bakin ruwan yankin har ana kuka da ita.

Da daddare a zaure na nuna wa Baffa dutsen nawa, na ce ganyen da ke jiki ya kai shekara miliyan 70. Ya juya shi a hasken tocila, ya kankare gefe da farce, ya ce, "To, ganye dai na gan shi. Amma miliyan saba'in ɗin nan, wa ya riƙe ƙirgen?"

Tambayarsa a kan hanya take, don yayi shi kaɗai ba ya ba da lamba. Yana cewa wannan kafin wancan, wannan sa'an wancan. Smith da Brongniart sun mutu ba su san adadin shekarun ba. Mu ma a adaka, abin da ya ɗaure lissafinmu ba zane ba ne. A cikin ninkin wata kamfala mun tsinci takardar sule goma, kuɗin da naira ta maye gurbinsa a 1973. Can ƙasa kuma, an shimfiɗe gindin adakar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta yi ja ta bushe, amma ana iya karanta 1968 a samanta. Da waɗannan biyun sai duk abin da ke tsakaninsu ya samu iyaka sama da ƙasa.

Dutse ma yana da irin wannan takarda. Wani lokaci dutse mai aman wuta kan yi bindiga, tokarsa ta sauka a kan fadamar cikin 'yan kwanaki, ta zama siririn farin layi a tsakiyar baƙin kwal. A cikin tokar akwai 'yan ƙwayoyin wani ma'adini, zakon, ƙanana kamar garin yashi. Lokacin da ƙwayar ke ƙulluwa tana karɓar yuraniyom amma ba ta karɓar darma. Shi kuma yuraniyom yana rikiɗewa ya koma darma a kan ƙa'idar da zafi ko sanyi ba sa sauyawa: irinsa mafi yawa, rabinsa ke juyewa cikin shekara miliyan 4,470. Duk darmar da aka tarar a ƙwayar bayan haihuwarta ta taru, sai a auna ta a auna yuraniyom ɗin da ya rage a yi lissafi. In aka samu lamba a wuri ɗaya, yayin ganye da bununi ya ɗauke ta ya kai duk inda aka ga irinsu. Kabon 14 da ake yawan ji a rediyo ba ya aiki a nan. Iyakarsa wajen shekara dubu 50, ya dace da gawayin kufai da ƙasusuwan kakanni, ba kwal ba.

Baffa ya ce to yanzu ya ji akwai ma'auni, ba cika baki ba ne. Sannan ya tambayi abin da na san zai tambaya: mu nan fa, in aka haƙa za a samu?

Ba za a samu ba. Wanda ya ga ana haƙar rijiya a ƙasarmu ya san jerin: ƙasar noma, jar ƙasa, marmara, ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalli inda ruwa ke tsattsafowa, sannan diga ta yi ƙara ta dawo. Wannan fā ɗin da ke hana mahaƙi wucewa, wanda ke leƙowa a gonaki mata na shanya a kai, tsohon gindin nahiyar ne. Narkakken dutse ne da ya daskare, da wanda zafi ya murɗe, can cikin ƙasa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, wani ma ya fi haka nesa. Tsirrai ba su hau tudu ba sai wajen miliyan 470. Lokacin da dutsen ƙarƙashin Kwanyawa ya ƙullu, babu ganye ko ɗaya a doron ƙasa. Mai son ganin zannuwa sai ya tafi inda ƙasa ta lotsa ta tara: kwarin Binuwai, ko Inugu, ko ƙasar Sakkwato, inda ake tsintar itacen da ya koma dutse a shimfiɗun Gundumi da Illo, da ƙasusuwan dabbobin teku a wajen Goronyo. Mu a kan ƙarfen gindin adakar muke zaune, ko jaridar babu. Abin da aka taɓa jerawa a kanmu, in an jera, ruwa ya kwashe ya kai wa wasu. Sabon jeri ɗaya da na sani a nan shi ne na ƙasan madatsar ruwan Challawa, wadda aka kammala a 1992. Kowace damina tana sauke laka falle guda, da ganye da karan masara da bununi, da ledar ruwa.

Da aka gama rabo, zannuwan suka watsu gidaje tara. Saƙin ya tafi wajen Gwaggo, ba wanda ya yi gardama. Adakar ba mai so, don murfinta ya lanƙwashe wajen ɓalle kwaɗo, sai aka ce mijin marigayiya ya ɗauka. Na so in ɗago jaridar in adana, tana taɓuwa ta ruguje a hannuna, sai ɗan yankin da ke da shekarar na samu na sa a cikin littafin. Yanzu irin masara nake ajiyewa a adakar, don ɓera ba ya iya huda ta.